Ƙofar Bayan Gidan Kallo

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma na share gidan kallo. Ban san wa nake share wa ba, tunda ko akuya ba ta leƙowa, amma ɗakin yana manne da gidanmu, kuma idan Maigidan ya ji ƙarar tsintsiya ta bayan bango sai na ga idonsa ya ɗan washe.

Jiya Yaya Gwadabe ya zo, wan Maigidan. Ya zauna a bakin katifa ya yi masa sannu, sannan ya juyo gare ni kamar mai ɗakin ba ya ciki. Ya ce, "Bara'atu, gaskiya ɗaya ce. Majigin nan da inji da sifiku a sayar da su tun suna da daraja. Ɗakin kuma in an girbe dawa na zuba a ciki, na riƙa kama muku hidimar gida."

Na ce, "Yaya, mai abu fa yana ji."

Ya ce ai don yana ji ya faɗa a gabansa.

Yana ji kuwa, sarai. Mayarwar ce babu, tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye aka shigo da shi a hannu. Na san Yaya ba mugu ba ne, shi ke ɗaukar mu zuwa asibiti cikin Kano, bai taɓa nuna gajiya ba. Amma wallahi ranar da aka fitar da majigin nan daga gidan nan, bawan Allahn nan zai saki jiki ya bi bayansa. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai takarda.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Bai sha kokon ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da azahar

Yaya ya kawo mai saye, wani Murtala daga Kibiya, wai zai buɗe gidan ƙwallo. Ya shiga yana ƙwanƙwasa sifiku da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana. Ni ina tsaye a ƙofar baya, wadda ta ɓullo tsakar gidanmu. Ya ce ya gani yana so, zai dawo da kurkura, 'yar motar ɗaukar kaya, ya kwashe idan ya sayar da gyaɗarsa.

In faɗi gaskiya, ba kwanciyar Maigidan ce ta kashe gidan kallon ba, waya ta riga ta cinye shi tun kafin nan. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, duk Rano wa bai san gidan kallon Ɗanmalam ba? Benci ya cika, wasu a ƙasa, yara sun huda langa-langa da ƙusa suna leƙe, mai rake da mai tsire sun kafa a bakin ƙofa. Daga cikin ɗakina nake sanin an kashe mugu, don ihun har bango yake girgiza.

Sai masu tura fim a waya suka buɗe shaguna a bakin tasha. Sai kuma fim mai dogon zango ya zo, kowane mako sabon kashi, kowa ya shige gidan sauronsa ya toshe kunne, yana dariya shi kaɗai kamar mai taɓin hankali. Masu ƙwallo suka koma sabon gidan can mai sola da fanka. Kallon ƙarshe da Maigidan ya haska, ya shigo yana ba ni labari yana dariyar takaici. Wai wani ya biya ya shiga, ya sa wayarsa a caji, ya juya wa bango baya, ya ci gaba da kallon fim ɗinsa a tafin hannu.

Kada in yi ƙarya, ni ma ina kallo a wayata. Ya taɓa kama ni ina kuka a kan wani mai dogon zango, ya ce, "Har da ke, Bara'atu? Ashe ɓarawon a cikin gida yake." Yau da zai sake faɗa mini haka, da na jefa wayar a rijiya don murna.

Tunda Murtala ya tafi ya juya fuska bango.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan magariba

Ikon Allah!

Barira ta zo dubiya daga Kahu, ƙawata ce tun muna firamare. Tana zaune tana ta surutunta, don Barira ko a makabarta sai ta sami abokin hira, sai ta ce masa, "Ɗanmalam, kai ne fa ka ɗauki bikina da kyamararka. Faifan da ka ba mu yara sun goge shi da ƙasa tuntuni. Da yana nan da na ga Iya ko sau ɗaya." Iyarta ta rasu shekarun baya.

Sai na ji ya yi wani gunji. Na ɗauka ruwa yake so, ya kawar da kofin. Hannun hagun ya ɗaga yana nuna ƙarƙashin gado, yana nunawa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Adakarsa ce a can, wadda ya hana kowa taɓawa, ni kuma na daɗe da ɗauka tarkacen wayoyin wuta ne. Muka jawo ta ni da Barira. Fayafai ne fal! Ashe duk bikin da ya ɗauka, da suna, da walima, in ya ba masu abu nasu sai ya ajiye ɗaya.

Matsalar, bawan Allahn nan bai rubuta sunan kowa a jiki ba. Wani an rubuta "Dawaki, bikin da aka yi ruwa". Wani "Rano, tukunya ta fashe". Shi kaɗai ya san abinsa. Muka riƙa ɗagowa ɗaya-ɗaya muna nuna masa, yana girgiza kai, har muka zo kan "Kahu, mai guɗa ta shaƙe". Ya runtse ido ya gyaɗa kai.

Ni ban taɓa tayar da inji ba. Na ja igiya na ja, ya yi tari ya mutu, na ja na faɗi zaune daɓas, Barira tana ƙyaƙyata mini dariya. Sai ta leƙa ɗaki ta dawo ta ce yana nuna in murɗa wani abu a gefe. Na murɗa, ya tashi.

Muka ja ƙofa, ɗaki ya yi duhu, ga Kahu a bango. Ga Barira siririya kamar sillen kara, an lulluɓe ta. Sai ga Iya ta fito daga madafa da ludayi a hannu, tana rawa tana faɗan an bar mata miya a wuta. Girmanta girman mutum, kamar ka miƙa hannu ka karɓi ludayin. Barira ta miƙe tsaye ta ce, "Iya!" Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake kuka. Ni ma na taya ta.

Da na koma ɗaki na tarar ya juyo yana jira na. Na ba shi labari tun daga fari. Ya sha kunu kofi guda.

Litinin, 13 ga Oktoba, da yamma

Bakin Barira ya fi rediyo. Yau da hantsi mata suka fara sallama, wai sun zo duba mai jiki. Sannu ɗaya za su yi masa, sai su biyo ni madafa su rage murya: "Wai da gaske namu ma yana nan?"

Abin da ban taɓa tunani ba shi ne ƙofar baya. Shekara da shekaru gidan kallon nan yana cin kasuwa, babu macen kirki da ta taɓa taka shi, don wadda duk aka gani ta shiga ta ƙofar titi ta gama yawo a bakin mutanen gari. Amma ta tsakar gidana? Ai gidan Bara'atu ta zo. Maza suna gona suna fama da girbi, mu kuma muka ja ƙofa muka zauna a bencinsu.

Wata tsohuwa ta shafa bencin ta ce, "Ashe nan ne suke tahowa su bar mu da sauro." Aka kwashe da dariya.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Ɗaki ya cika! Ya cika har ana zama a cinyar juna. Daga Dawaki ma an zo a adaidaita. Wannan ta kawo gyaɗa, waccan ƙwai, wata ta zo da fetur a gorar ruwa ta ce kada inji ya mutu kafin a zo kan nata.

Duk suna da waya, wasu ma tasu ta fi tawa. Amma ba wadda ta ciro ta. Rukayya mai kitso ta ce, "Waya ta nuna mini Indiya ta nuna mini Turkiyya, amma ba ta san kakata ba." Kuma ba ganin matattu kaɗai ba ne, har da tsiya. A ga wadda yanzu take cika ƙofa, a da iska za ta iya ɗaukar ta. A ga ɗaurin ɗankwalin wancan zamani, a yi ta shewa. Aka yi guɗa a cikin fim, na cikin ɗaki suka amsa.

Shi ne mai zaɓe. In mace ta faɗi sunan gidansu da shekarar da aka yi abu, sai in jawo adaka gabansa, ya riƙa tonawa da hannun hagu har ya ciro. Bai taɓa kuskure ba. Yau na lura ya zauna da kansa ya jingina da bango, ban tashe shi ba.

Yaya bai sani ba tukuna, yana can yawon kasuwannin ƙauye sayen amfanin gona. Bari ya dawo ya gani da idonsa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Wallahi yau ji nake kamar in ɗauki inji da hannu ɗaya.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan magariba

Na shiga uku.

Barci ya ɗauke shi bayan azahar, ban so in tashe shi ba, ga mata sun cika suna jira. Na ce yo wai mene ne a ciki, ba faifai ba ne? Na zaro wani da na ga an rubuta "Kahu, ango mai gajeren wando". Na ce wannan za a sha dariya.

An fara dariyar kuwa. Sai aka ɗage mayafin amarya. Saratu ce. Saratun da ke zaune a benci na biyu, ga uwar mijinta a dama, ga ƙannen mijinta a hagu. Angon kuwa ba Mukhtar mijinta na yanzu ba ne, Zulkifilu mahauci ne na bakin tasha, wanda suka rabu tun ban san ta ba. Ga su nan a bango, ana sayen baki, tana sunkuyar da kai tana yi masa murmushi.

Kowa a garin nan ya san ta taɓa aure, har uwar mijin. Amma auren da ya mutu ba a tayar da shi a gaban surukai, balle a haska shi ƙato a bango. Na rasa inda ake kashewa, na danna nan na danna can, murya ta ƙaru. Ƙarshe da gudu na fita na kashe inji.

Kafin in dawo uwar mijin ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce, "To, mun ga abin da aka tara mu a nuna mana." Saratu ta bi bayanta, ko kallona ba ta yi ba.

Da ya farka na nuna masa faifan. Ya dube shi, ya dube ni, ya dafe goshi.

Litinin, 20 ga Oktoba, da azahar

Mukhtar ya kai ƙara wajen Yaya. Yaya ya zo ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce na mayar da gidan ƙaninsa dandalin tonon asiri, mijina yana kwance ina tara mata ana shewa. Na ce, "Yaya, ka tambayi mai kwanciyar ko shewar ta dame shi." Ya ce ba ya magana da ni, da ma mace in ta sami wuri sai ta yi rawa har da juyi.

Ya sa kwaɗo a ƙofar titi, ya sa wani a ƙofar baya, ya zuba makullai a aljihu. Ya ce ran Asabar ta sama, ɗaya ga wata, Murtala zai zo ya kwashe.

Na yi kuskure, na yarda. Amma don an zubar da miya sau ɗaya sai a fasa tukunya?

Laraba, 22 ga Oktoba, da hantsi

Ba wadda ta zo dubiya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Bango yake kallo. Na jawo adaka gabansa, bai ko waiwayo ba. Na fita bayan gida na yi kukana na wanke fuska.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Na ɗaure na tafi gidan su Saratu. Na durƙusa wa uwar mijin har gwiwata ta yi ciwo, ta gama wanke ni tas, sannan ta ce Allah ya kiyaye gaba. Saratu ta ce bari ta taka mini.

Muna zuwa zaure ta riƙo gefen hijabina. Na ce shi ke nan, nata rabon zagin ya zo. Sai ta ce a hankali, "Bara'atu, me ya sa kika kashe?"

Na ce, "Don kada ki ƙara jin kunya mana."

Ta ce, "Kunya kam na ji ta, kamar ƙasa ta tsage in shige. Mukhtar ya yi fushinsa na kwana biyu ya huce, ai ba budurwa aka ce masa ya aura ba. Amma saura kaɗan yayata ta shigo da ƙwaryar nono. Ita ta raine ni, wajen haihuwa ta tafi, ko hotonta ba ni da shi. Kin kashe ban gan ta ba." Hawaye ya zubo mata. Ta ce in an buɗe in nuna mata ita kaɗai, za ta rufe ido a wajen mahaucin.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na zauna kusa da shi na ce, "Ka ji abin da Saratu ta ce?" Na faɗa masa. Na ce in Allah ya sa aka buɗe, doka ɗaya ce: ba a haska bikin kowa sai mai shi ta roƙa da bakinta, kuma ita za ta ce wa zai zauna. Ya gyaɗa kai.

In an buɗe. Makullai dai suna aljihun Yaya.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Hajiya ta aiko in je, mahaifiyar su Maigidan. A gidan Yaya take zaune, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi a Kibiya sai ta ji. Na tafi na shirya wa faɗa, don na san labari ya kai mata.

Ta bari na gama gaisuwa, ta kori jikoki waje. Ta ce, "Ke 'yar nan, wai da gaske ne waɗanda suka riga mu suna fitowa a bango suna magana?"

Na ce ba fitowa suke ba, Hajiya, ɗauka ce ta lokacin da suke raye.

Ta ce ta sani, ba yarinya ba ce. Ta ja carbinta. Can ta ce, "Shi... yana ciki?"

Ba ta faɗi suna ba, ba kuma za ta faɗa ba, amma na gane marigayi Malam take nufi, mahaifinsu. Na ce ban sani ba, don na ji an ce Malam ba ya son hoto, in ya ga kyamara sai ya ja rawani ya rufe fuska. Ta ce, "Ki tambayi mijinki."

Na tambaye shi. Ya zuba mini ido har na tsorata. Sai ya nuna adaka.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Tun shekaranjiya yake tono. Ya hana ni taimako, in na miƙa hannu ya buge shi. Fayafai sun baje a katifa ba wajen zama. Ɗazu ya ciro wani daga can ƙasa, naɗe a tsohuwar hula. An rubuta "Gida, rago ya tsinke". Ya ɗora shi a ƙirji ya riƙe.

Na aika wa Hajiya. Ta aiko a ce mini in yi shiru da bakina.

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Alhamdu lillahi! Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Da sassafe sai ga Hajiya a adaidaita, ta ce ta zo ganin ɗanta. Ta sa na ajiye mata kujera a bakin ƙofar baya, ta zauna ta dogara sanda. Da hantsi muka ji kurkura ta tsaya a waje. Yaya ya shigo da Murtala, yana ganin ta ya cire takalmi ya durƙusa.

Ta ce, "Gwadabe, buɗe. Shekara nawa ɗana yana sana'ar nan ban taɓa ganin me yake yi ba. Kafin ka kwashe a nuna mini abu ɗaya."

Ya ce, "Hajiya, mai mota yana jira."

Ta ce, "Ni ma na jira ka wata tara."

Ya buɗe. Ta ce a shigo da mai ɗakin. Yaya da Murtala suka ɗauko shi suka zaunar a kujera kusa da majigi. Na ja inji, ja ɗaya ya tashi. Na karɓi faifan daga hannunsa na sa. Yaya ya zauna a ƙarshen benci yana duba agogo.

Ƙofar gidansu ce ta fito, da safiya, an shimfiɗa tabarmi. Sunan ɗan Yaya na fari ne. Ragon suna ya tsinke igiya ana ta bin sa, yara suna ihu, kyamara tana girgiza don mai riƙe da ita dariya yake. Sai ta juyo. Ga Malam zaune a kan buzu, rawani ya zame, yana dariya har da dukan cinya. Dariya ta sa ya manta da rufe fuska.

Hajiya ta miƙe ta taka har gaban bango, inuwarta ta rufe rabin hoton. Malam ya yi gyaran murya. Ta ce, "Shi ne. Haka yake yi kafin ya yi magana."

Sai Malam ya ɗaga kai ya ƙwala kira: "Gwadabe! Kai Gwadabe!"

"Na'am, Malam!"

Ba a fim aka amsa ba. Yaya ne, a nan cikin ɗaki. Kafin ya san me yake yi ya zamo daga benci ya durƙusa a ƙasa, da furfurarsa da babbar rigarsa. A bango kuma ga shi yana saurayi ya sheƙo da igiyar rago a hannu, ya zube gaban Malam. Malam ya dafa kansa ya ce, "Ka kamo shi? Madalla. Allah ya yi maka albarka, Allah ya raya abin da aka samu."

Yaya ya ce amin. Ya sake cewa amin. Sai ya kifa fuska a hannun riga, kafaɗarsa tana rawa. Ban taɓa ganin kukan Yaya ba, ko ranar da likita ya kira shi gefe a Kano bai yi ba.

Da ya ɗago ya ce, "A mayar da shi baya."

Na juya neman rimot, ashe yana hannun Maigidan. Ya danna da babban yatsan hagu, ya mayar daidai wajen kiran, ko kaɗan bai wuce ba. Yaya ya sake cewa a mayar, ya mayar. Hajiya tana tsaye tafin hannunta a jikin bango.

Ni ban ce uffan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin jihadi ba ne.

Can Yaya ya share fuska ya juya ga baƙonsa. Ya ce, "Murtala, ka yi haƙuri, na wahalar da kai. Kayan nan ba na sayarwa ba ne." Ya ciro makullan ya sa a cinyar ƙaninsa, ya ce dawa ta nemi wani wurin.

Na ɗauka Murtala zai yi fushi. Sai ya matso ya rage tsawo gaban Maigidan, ya ce, "Ɗanmalam, ka taɓa ɗaukar wata walimar sauka a Kibiya, unguwar bayan kasuwa? Tsohonmu yana wurin." Maigidan ya gyaɗa kai. Kurkura ta koma ba kaya, Murtala kuma zai dawo ran Laraba da 'yan'uwansa.

Da zan raka Hajiya ta matse mini hannu ta ce, "Kina da baki, amma kina da kai." Na karɓa a haka.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Yau aka buɗe ƙofar titi. Da hantsi mata ta baya, bayan la'asar maza ta gaba. Saratu ce ta fara shiga, ita kaɗai, ta ga yayarta, ta fito idonta jajir tana murmushi. Da yamma Yaya da kansa ya tsaya a ƙofa yana cewa a kashe waya, wanda ba zai kashe ba ya koma gida. Dattawan da suka yi shekaru suna zagin gidan nan, yau ga su a benci na gaba suna gardamar wane ne wancan mai jar hula. Har mai rake ya dawo.

Na san ba za a koma irin da ba, kowa zai fita ya ciro wayarsa. Oho dai. Abin da ke cikin adakar nan babu shi a wayar kowa.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Ɗazu ina sauri na ajiye faifai a kan turmi, cikin rana. Sai na ji ana dukan ƙofar ɗaki da sanda. Na leƙa, ga shi ya jawo jiki da kansa har bakin ƙofa, ya haɗe rai, yana nuna turmin yana nuna ni, bakinsa yana ta kokawa. Da ƙyar ya fito da ita, a karkace, amma na ji ta sarai:

"Sakarai."

Na ɗauke faifan na goge da gefen zanina. Na ce, "Ƙara faɗa, don Allah."